Fatawa: Jinkirta Azahar Saboda Zafi da Haɗa Salla Saboda Hadari

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ladan ne a wani ƙaramin masallacin unguwa nan Damagaram. Rufinmu na kwano ne, kuma a bazarar nan shiga cikinsa da rana sai dole. Makon jiya wani dattijo ya yanke jiki ya faɗi a sahun Azahar. Tun daga nan jama'a suka rabu: wasu na cewa a kai Azahar ƙarfe 4 a haɗa ta da La'asar, wasu na cewa taɓa lokacin salla bidi'a ce. Ga shi kuma rediyo na sanar da cewa za a iya samun hadari da tsawa a wasu wurare, har an fara neman a riƙa haɗa Magariba da Isha'i duk ranar da aka ji sanarwar. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya ba dattijon nan lafiya, kai kuma ya saka maka da ka tambaya tun gardama ba ta raba sahu ba.

Jinkirta Azahar saboda tsananin zafi sunna ce tabbatacciya, don haka masu kiran ta bidi'a su janye maganarsu. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya yi umarni idan zafi ya tsananta a jinkirta salla har a sami sauƙi, domin tsananin zafi daga hucin Jahannama yake. A hadisin Abu Zarri kuwa, ladan ya tashi zai kira Azahar a tafiya, Annabi (SAW) ya yi ta dakatar da shi har suka ga inuwar tuddai. Shi ne malamai ke kira ibradi.

Amma ibradi yana da iyaka, kuma malamanmu na Malikiyya da inuwa suka auna ta. Ibn Abi Zaid a Risala da Shehu Halil a Muhtasar sun ce an so jama'a su jinkirta Azahar har inuwar abu ta ƙaru da rubu'in tsawonsa, a kuma ƙara idan zafi ya yi tsanani. Shehu Dardir ya kai ƙarin zuwa rabin tsawon. To, kafa sanda a harabar masallacinku ka duba. A Damagaram cikin Afrilu da Mayu rana na gushewa daga tsaka wajen ƙarfe 12 da minti 20, kuma a ƙarshen Afrilu tana bi ta saman kanmu daidai, inuwar sandar har ta kusa ɓacewa. Rubu'i na cika wajen ƙarfe 1 da minti 20, rabi kuwa jim kaɗan bayan ƙarfe 2. Wajen 3 da rabi inuwa ta kai tsawon sandar, La'asar ta shiga. Ka ga ashe masallatanmu da ke tsai da Azahar ƙarfe 2 ko 2 da rabi sun daɗe suna ibradi ba su sani ba. Idan limaminku ya ga maslaha ya matsa da ita kusa da ƙarfe 3, babu laifi, salla tana cikin lokacinta. Ƙarfe 4 kam an fita daga zaɓaɓɓen lokaci an shiga na larura, kuma wanda ya kai salla can ba da uzuri irin barci, mantuwa ko suma ba, ya yi zunubi. Ba a lissafa zafi cikin waɗannan uzurori ba.

Haɗa Azahar da La'asar ma haka. A mazhabarmu ana haɗa su ne saboda tafiya, rashin lafiya, ko a Arfa. Na san akwai masu kafa hujja da hadisin Ibn Abbas cewa Annabi (SAW) ya haɗa salloli a Madina ba tsoro ba tafiya. Hadisin ingantacce ne, sai dai Imam Malik da ya kawo shi a Muwaɗɗa ya ce yana ganin lokacin ruwan sama ne. Malaman da suka ɗauke shi a kan buƙata, irin su Ashhab da Ibn Sirin, sun sharɗanta kada a mai da shi al'ada. Bazararmu kuwa wata biyu take yi ko fiye, kowace shekara, don haka abin da kuke nema al'ada zai zama. Hijaz ba ta fi mu sanyi ba, kuma jinkiri aka ba sahabbai, ba haɗawa ba.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne an bar dattijon an koma gardamar agogo. Zafin rana ya fi tsananta tsakanin ƙarfe 2 da 4, kwano kuma na riƙe shi, saboda haka ko ina aka matsa da Azahar cikin lokacinta, cikin zafin za a yi ta. Sauƙin da shari'a ta yi wa irin dattijon nan shi ne ya yi sallarsa a gida. Sallar jam'i a masallaci sunna ce mai ƙarfi, tsare rai kuwa wajibi ne, Allah ya ce kada ku jefa kanku cikin halaka. Tsoho mai rauni, da mai hawan jini, da mai ciwon suga ko zuciya ko ƙoda, idan yana tsoron cutuwa, ya zauna a inuwa ya yi salla, kuma ana rubuta wa marar lafiya ladan abin da ya saba yi yana da lafiya, kamar yadda ya zo a Bukhari. Idan likita ya hana shi fita, ko ya taɓa faɗuwa, to zaman ya zama dole a kansa. Idan tashi sau biyu na ba shi wahala, ya yi Azahar a ƙarshen lokacinta, ya ɗan jira, ya bi ta da La'asar a farkon nata. Dattawanmu na jin kunyar a ce yau ba a ga wane a sahu ba. Liman ya je har gida ya faɗa musu da bakinsa, sun fi jin tasa a kan ta ƴaƴansu.

Kada a raina wannan zafi. A farkon Afrilun 2024, ana cikin azumi, garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, wani babban asibitin Bamako kuma ya ƙirga gawa sama da 100 cikin kwana huɗu, yawancinsu tsofaffi. Mu ma nan haura digiri 40 abin yau da gobe ne a wannan lokaci. Idan mutum ya faɗi a sahu, na kusa da shi su yanke salla, wajibi ne, daga baya su sake. A kai shi inuwa, a sassauta masa riga, a jiƙa jikinsa da ruwa ana yi masa fifita. Idan jikinsa ya yi zafi rau, ko yana sambatu, ko bai san inda yake ba, a garzaya da shi asibiti ana ci gaba da jiƙa shi a hanya, kuma kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki. Liman ya taƙaita karatu. Ku ajiye randa cike a ƙofar masallaci. Kowa ya san tsadar ruwa a garin nan, shi ya sa attajirin da ya ɗauki nauyin biyan ɗan ga-ruwa ya cika ta kullum ya kama babbar sadaka. Juma'a ba a yi mata ibradi, sai dai mai huɗuba ya tuna da na waje da ke zaune kan ƙasa mai ƙuna ya gajarta. Su kuma su shimfiɗa abin da ya samu, Anas ya ce sahabbai kan yi sujada kan tufafinsu saboda zafin ƙasa.

Sai batun hadari. Ana haɗa Magariba da Isha'i ne kaɗai, a masallaci, saboda ruwa mai ƙarfi da ke sa mutane rufe kai, ko taɓo tare da duhu. Malamai sun yarda a haɗa don ruwan da ake tsammani idan alamunsa sun bayyana, amma sun ce in bai sauka ba a sake Isha'i cikin lokacinta. Sanarwar masana yanayi abin amfani ce, a saurare ta a yi shiri, ba duba ba ce. Sai dai cewa suka yi "a wasu wurare". Hadarin farkon damina kan zubar da ruwa a garin Mirriya da ke kusa da mu, unguwar Birni ko ɗigo ba ta samu ba, wani lokacin ma iska da ƙura kaɗai zai kawo ya watse. Don haka hukunci na bin abin da ke saman masallacinku ne a lokacin Magariba. Idan hadari ya haɗo baƙi ƙirin ya taso muku, ku haɗa. Idan sama garau take, sanarwar safe ba ta isa hujja ba. Wani masallaci ya haɗa, wani a ɗaya gefen gari bai haɗa ba, kowa na kan daidai.

Idan guguwa ta riga ta taso da dare, ana walƙiya, kwanuka na tashi, kai ladan ka kira salla ka ƙara da cewa a yi salla a gida, kamar yadda Ibn Umar ya ruwaito ana yi zamanin Annabi (SAW) a daren sanyi ko ruwa. Waɗanda ke cikin masallaci su dakata har ta lafa. Kada kowa ya fake ƙarƙashin bishiya, ko ya hau duwatsun nan na cikin gari, ko ya tsaya a fili, domin aradu ta fi faɗa wa abin da ya yi tsayi shi kaɗai. Ku hana almajirai da yara fita wasan ruwa ana tsawa. Wanda ya ji tsawa ya yi tasbihin da Abdullahi ɗan Zubair ke yi: "Subhanallazi yusabbihur ra'adu bi hamdihi wal mala'ikatu min khifatihi", yana cikin ɗaki. Allah ne mafi sani.