Giya ta ƙi sauka a motar tsere: kar ku yi saurin kwance giyabos

TAMBAYA

Assalamu alaikum Oga, ya aiki ya iyali. Ni ɗalibi ne a Ingila ina karatun injiniyan motoci, ƙarshen mako kuma ina taya wata ƙaramar tawagar tsere aiki. Motarmu mara rufi ce mai injin babur, giya shida, ba ta da sandar giya sai 'yan kunnuwan nan biyu na bayan sitiyari da ake ce wa fadal, na dama ƙari na hagu ragi, kuma iska ce ke tura giyar. In muka ɗaga ta a kan jak komai lafiya lau, amma da direba ya yi zagaye biyar ko shida mota ta ɗau zafi, in ya zo ƙarshen doguwar miƙe yana taka birki yana rage giya, shida zuwa biyar ta shiga, biyar zuwa huɗu ta shiga, huɗu zuwa uku sai ta ƙi, wani lokacin ma lambar giyar ta ɓace a dashbod. Mai motar ya ce a sauke giyabos a kwance, ni kuma raina bai kwanta ba. Dan Allah ta ina zan fara?

Mai karatu daga Ingila

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu. Gaskiya ranka da bai kwanta ba yana da hujja, ka roƙi mai motar ya ba ka yini ɗaya kafin a taɓa ko noti guda a jikin giyabos ɗin nan.

Ka tuna babur, don giyarku da ta babur uwa ɗaya uba ɗaya ne. A ciki akwai wata ganga mai layi-layi a jiki, in ta juya sai ta tura fok, wato wani ƙarfe mai baki biyu, fok ya tura zobe mai manyan haƙora da masu sana'ar ke ce wa dog, zoben ya kama giyar da ake so. Babu sinkiro irin na motar gida, wato zoben da ke daidaita gudun giya kafin ta shiga. Ɗan acaba in zai sa giya ba tare da kama kuloci ba ai sai ya ɗan saki totur tukun, ƙafa ta danna, ya mayar da totur, don muddin injin yana ja haƙoran nan a cije suke ba za su saki ba. To abin da hannu da ƙafar ɗan acaba ke yi shi ne kwamfutar motarku ke yi cikin ƙasa da ƙiftawar ido: wajen ƙari ta ɗauke wa injin wuta na ɗan lokaci, wajen ragi ta ɗan buga totur injin ya yi rezin, sannan bawul ya buɗe iska ta tura sandar da ke juya gangar. A kan jak babu nauyi a kan haƙoran, shi ya sa ko iska rabi ce giya za ta shiga, kaga gwajin jak bai wanke kowa ba.

Abin da ya fi jan hankalina a wasiƙarka shi ne ragi na uku a jere ne ke ƙi. Wannan ya sa na fi zargin iska. Kwampreso yana cika 'yar tukunya, kowane canji yana ɗiban iska a ciki, ragi kuma ya fi ci tunda a wasu irin motocin nan iskar ce ke buga totur ɗin ma, to in akwai yoyo ko kwampreso ya gaji, na farko da na biyu za su wuce na uku ya tarar tukunya ta yi ƙasa. Ka bar ta ta cika ka kashe komai ka zuba wa awon iskar ido na minti goma, in yana sauka ka kaɗa ruwan sabulu ka bi tiyo da duk mahaɗa da bawul da silindar iskar kana shafawa, inda kumfa ta tashi nan ne. Ka fi duba tiyon da ya bi kusa da salansa, roba ce, da sanyi ta riƙe da zafi ta saki, kuma wannan ya yi daidai da maganarka ta sai an yi zagaye biyar. Ka zubar da ruwan da ke taruwa a tukunyar. Dan Allah kafin ka kai yatsa kusa da sandar ka sauke iskar gaba ɗaya, ƙarfin da ke juya gangar nan ya isa ya fasa yatsa.

Sai wuta, kuma nan zan ɗan ba ka tarihi don ka gaya wa mai motar. Ferrari ce ta fara shigo da fadal tseren Formula 1 a 1989, da motar 640 wadda John Barnard ya zana, direba Nigel Mansell ya ci tseren farko da ita a Brazil, amma bayan nan mota ta yi ta mutuwa a fili kowa yana zagin giyabos, daga baya aka gano bel ɗin altaneta ne ke zamewa, batir ya zuƙe, giya kuma ita ce ke fara tsayawa in wuta ta yi ƙasa. Batirin motar tsere ƙarami ne don gudun nauyi, ga fanka ga famfon mai ga kwampreso duk suna jan wuta lokaci guda in mota ta yi zafi. Injin yana aiki ya kamata ka ga wajen bolt 13.5 zuwa 14.5, ka auna a bakin kwamfutar giyar kanta daidai lokacin da kwampreso ya tashi, ba a kan batir kawai ba. Ka kwance wayar as, wato wadda ke haɗe da jikin mota, ka goge ka ɗaure.

Lambar da ke ɓacewa a dashbod kuma sansar giya take nunawa, wadda ke maƙale a bakin gangar. Ana ba ta bolt 5, ita kuma ta mayar da wani adadi daban ga kowace giya, da shi kwamfuta ke sanin inda ake. In ta goge daga ciki, ko sukurunta sun yi sako-sako ta ɗan juya, adadin zai faɗa tsakanin giya biyu, kwamfuta ta rikice, kuma in ba ta san giyar da take ciki ba ƙin canjawa take yi. Ka haɗa laftof ka bi giya ɗaya bayan ɗaya wani yana juya maka tayar baya, ka rubuta adadin kowacce da sanyi, ka sake rubutawa da zafi, ka girgiza wayar da soket kana kallon ko adadin zai yi tsalle. In an canja sansar dole a sake saita ta tun daga firi har lamba shida. Akwai irin mai maganaɗisu wadda ba ta gogayya, in za ta hau motarku ita nake ba da shawara.

Akwai kuma ƙin da ba lalacewa ba ne. Kwamfutar tana lissafi kafin ta yarda da ragi, misali in tazarar huɗu da uku kashi 20 cikin ɗari ce kuma injin yana 9,000, da an sauka zai koma 10,800, in iyakar da aka sa 10,500 ce za ta ƙi, kuma ta yi daidai, don wajen ragi taya ce ke juya injin, babu abin da zai tare shi, sai bawul ɗin injin ya haɗu da fistin. Direba in taya ta yi zafi ya samu ƙwarin gwiwa yakan jinkirta birki ya yi ta jan fadal da sauri. Haka in yana birki da ƙafar hagu ta dama ba ta gama sakin totur ba.

Duk wannan na'urar adana bayanan motar za ta raba muku gardama, wallahi ina jin takaici in ga an kwance giyabos ba a buɗe na'urar nan ba. Ka nemo daidai daƙiƙar da giya ta ƙi, na'urar tana zana wa kowane abu layinsa, ka jera layin fadal da na iska da na bolt da na totur da na sansar giya. In layin fadal bai motsa ba to saƙon bai iso ba, ka koma kan ɗan suwic ɗin da wayar da ke naɗe a sitiyari, cirewa da mayar da sitiyari kullum yana cinye ta. In saƙo ya iso bawul bai buɗe ba kwamfuta ce ta ƙi. In ganga ta fara juyawa ta dawo to ko ƙarfin iska bai kai ba ko bugun totur bai isa ba.

Giyabos sai a ƙarshe. Ka zare sandar da iska ke turawa ka juya gangar da hannu ka ji ko tana cijewa, ka juye mai ka duba maganaɗisun notin juye man, ɗan laushin gari ba komai ba ne amma gutsattsarin ƙarfe magana ce. In giya tana shiga sannan ta fice da kanta in an taka totur, bakin dog ɗin ya lashe, sai an buɗe. Ko an sa sabo ka gyara lokacin ɗauke wuta da bugun totur, don yawanci su ne suka cinye na farkon. Ka turo min abin da ka gani a layin iskar.

TAMBAYA

Malam barka da aiki, motata ta gida ce otomatik 'yar Kwatano, tana da fadal amma in na ja babu abin da ke faruwa, hon ma ya daina yi.

Mai karatu daga Kano

AMSA

Barka kadai ɗan'uwa. Taka daban ce da ta sama, babu iska babu dog, fadal ɗin saƙo kawai yake kai wa biren bos, wato kwamfutar motar. Ka fara sa giya a S ko M ka gwada kana tafiya, wasu motocin sai a nan suke amsawa sosai. Amma tunda hon ma ya ɗauke na fi zargin siririyar wayar nan da ke naɗe a bayan sitiyari, ita ce ke ɗaukar hon da maɓallai da eyabag, sau da yawa ma fitilar eyabag tana kamawa a dashbod. Ka kai wa rewaya da ya san aiki, ya duba fis tukun, kuma ka tsaya a kansa ya cire kan batir ya jira 'yan mintuna kafin ya taɓa eyabag ɗin.