Tirelar kwana a hunturun Minesota: ruwan lagireto ba na bututun ruwan sha ba ne

Tambaya: Assalamu alaikum. Bana muka sayi tirela mai ɗakin kwana, ta hannu, muna fita da iyali a nan Minesota. Ga Oktoba ta kama, sanyin dare ya fara sauka ƙasa da sifiri, hankalina ya ƙi kwanciya don an ce bututu na fashewa. Na tsiyaye tankin ruwa. Wani abokin aikina ya ce in zuba ragowar ruwan lagireton da ke gareji, wai duk antifiris, wato ruwan hana daskarewa, ɗaya ne, in sanyi ya wuce sai a ɗauraye. 'Ya'yana uku a famfon nan suke sha. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, mayar da jarkar nan gareji, kada ko ɗigo ya shiga tirelar.

Damuwarka tana kan hanya, domin tsiyaye tanki bai isa ba. Ruwa in ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari. Bututun roba na PEX yakan ɗan jure, abin da ke tsagewa shi ne mahaɗan roba, kan injin tura ruwa, bawul ɗin masai, da shawar waje wadda kowa ke mantawa da ita. Ruwa cokali biyu da ya maƙale a bawul ya isa ya raba shi biyu.

Fara da zubar da tankin masai a wurin da aka tanada, sannan na ruwan wanke-wanke. Kashe hitar ruwa, gas da lantarki duka, ka bari ta huce. In ka tsiyaye ta lantarki na kunne, ƙarfen dumama ruwan zai ƙone nan take. Ɗaga bawul ɗin rage matsi kafin ka kwance toshiyar ƙasa, in ba haka ba ruwa zai feso maka a fuska. Hitar kamfanin Suburban toshiyarta sandar anod ce, wato ƙarfen da ke kare tankin hitar daga tsatsa, soket inci 1 da 1/16 ke kwance ta, ta kamfanin Atwood kuwa ta roba ce. Buɗe magudanan ƙasa biyu, ja da shuɗi, da duk famfuna, ka cire matatar ruwa. In sun gama tsiyaya ka rufe, ka juya bawul-bawul ɗin bayan hita yadda ruwa zai kewaye ta. Wanda ya manta wannan, galan 6 ko 10 na antifiris zai ɗura wa hita a banza.

In kana da kwamfaresa, saita matsin iskarta tsakanin psi 30 da 40, ka hura ta mashigar ruwan waje, famfo ɗaya bayan ɗaya. Iska ba ta kwashe ruwan cikin injin turawa, shi ya sa a sanyi irin na Minesota ban yarda a tsaya nan ba. Sayi galan 2 zuwa 3 na antifiris ɗin tirela, mai launin ruwan hoda, ka tsoma mesar tsotso ta injin cikin jarka, ka kunna. Buɗe famfo mafi kusa, ɓangaren sanyi sannan na zafi, har sai ruwan hoda tsantsa ya fito, sannan na gaba. Taka masai, buɗe shawar ciki da ta waje. Kashe injin, buɗe famfo matsi ya sauka, ka danna ɗan tsinken da ke cikin mashigar ruwan waje har hoda ta ɓullo. Zuba kofi guda na antifiris ɗin a kowace magudanar wurin wanke-wanke da ta shawa, ka bar kaɗan a kwanon masai don robar bakinsa kada ta bushe.

Yanzu maganar abokin naka, wadda kowane Oktoba sai ta dawo a gareji da zaurukan WhatsApp. Duk antifiris ba ɗaya ba ne. Na mota da etilin gilaikol ake yin sa, guba ce mai kisa. Kimanin mililita 100, ƙasa da rabin kofin shayi, na iya kashe babban mutum, yaro kuwa abin da zai illata shi bai kai haka ba ko kusa. Mugun abu game da shi, asalinsa zaƙi gare shi, ba ya wari. Wanda ya sha yakan fara da layi da amai kamar mai maye, a ɗauka gajiyar tafiya ce. Hanta kuma tana can tana juya shi zuwa asid, yana haɗuwa da sinadarin kalsiyam yana zama tsakuwa-tsakuwa a ƙoda, cikin kwana ɗaya zuwa uku ƙoda ta tsaya. Masu cewa ai yanzu kamfanoni suna sa masa abin ɗaci, gaskiya ne suna sawa, amma ɗaci bai rage gubar da komai ba.

“Sai a ɗauraye” ɗin nan ita ta fi ɓata mini rai. Wa zai ɗauraye? Ruwan da zai kwana wata shida a lungun bawul, a kan injin, a bututun shawar waje da ba a buɗewa, wane ne zai rantse maka ya fita tas? Mai ba da shawarar ba 'ya'yansa za su tara kofi a famfon ba. Sannan ruwan ɗaurayar ina za shi? Ƙasa, inda kare da kyanwar maƙwabta ke lasa, su ma haka yake kashe su. Duk wannan don a tsimi kuɗin jarka uku da ba su kai na shan mai sau ɗaya ba.

Kada kuma launi ya ruɗe ka. Ana cewa “mai ruwan hoda shi ne mai kyau”, alhali ruwan lagireton Toyota ma ruwan hoda ne, akwai kuma ruwan wanke gilashin mota mai kalar, shi kuma metanol ne, yana makantarwa. Juya jarka ka karanta. Dole ka ga an rubuta RV, wato na tirelar kwana, an ce na bututun ruwan sha ne, an ambaci propylene glycol. In ka ga ethylene glycol ko methanol, ajiye. Akwai na tirela mai araha da aka haɗa da etanol, ba irin waccan gubar ba ce, sai dai yana busar da robobi yana barin ɗanɗano, na propylene glycol ya fi. Kada ka sirka shi da ruwa. Lambar 50 ƙasa da sifiri da ke jikin jarkar, a ma'aunin Farenhait, iyakar da ba zai fasa bututu ba ce. In ka gan shi ya yi kauri kamar kunu a Janairu, haka yake yi, ba ya kumbura.

In har an riga an zuba na motar, kada kowa ya sha, ya yi girki ko alwala da ruwan tirelar, ka kai ta wa masu gyara ka faɗa musu abin da ya shiga. In yaro ya kurɓa, kada ka jira alama, kira 1-800-222-1222, layin kula da shan guba na Amurka, ko 911, lambar agajin gaggawa. In sanyi ya wuce, ko da na tirelar ka sa, kora shi da ruwa har hodar ta ɓace kafin ka mayar da bawul ɗin hita daidai. Sannan ka sa rubu'in kofi na bilic ga kowane galan 15 na tanki, ka tura shi duk famfuna, ya yi awa 4, ka zubar ka ɗauraye har warin ya tafi.