Robo ɗina mai ƙafa shida yana kifewa, ina matsalar?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, ni ɗalibi ne daga unguwar Birni nan Damagaram. Na haɗa ɗan robo mai ƙafa shida da Arduino (ɗan allon kwamfuta mai ba shi umarni), kowace ƙafa in na gwada ta ita kaɗai lafiya lau take motsi, amma da ya fara tafiya sai ya karkace ya kife.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ƙafafun nan lafiyarsu ƙalau, tsarin ɗaga su ne bai yi ba. Leƙa murhun gidanku, duwatsu uku ne ke riƙe da tukunya, zare ɗaya ka ga inda miya za ta kwana. To haka robo yake, kullum ƙafa uku su kasance a ƙasa, ta gaba da ta baya a dama tare da ta tsakiya a hagu, sauran ukun su ɗaga su miƙa gaba, sai sun taka ƙasa sosai sannan waɗancan su tashi, kar ka yarda su tashi kafin nan ko da ƙiftawar ido ne. Kyankyaso da tururuwa haka suke yi, in ka samu ɗaya ɗauke shi bidiyo da salula ka rage gudun ka kalla.

Nauyin kuma, musamman batiri, ya zauna tsakiyar ƙafafu ukun da ke ƙasa. Galibi can baya ake ɗaure shi da salatif, shi ke nan kuwa sai kifewa.

Sai maganar kuran. In kowace ƙafa servo (ɗan injin da ke motsa gaɓa) uku gare ta, 18 ke nan, Arduino ba zai iya ciyar da su ba, ba su batirinsu daban amma ka haɗa wayar GND ɗinsu, wato ta minus (-), da ta Arduino.

Kuma don Allah kar ka yi saurin komawa ƙafa huɗu wai don ka ga Spot, robo mai ƙafa huɗu na kamfanin Boston Dynamics a Amurka, wanda suka fara sayar wa kamfanoni a 2020. Shi injin motsa gaɓa 12 gare shi, in yana sassarfa ƙafa biyu ne kawai a ƙasa, ta gaban dama da ta bayan hagu irin na jaki (raƙumi shi na gefe ɗaya yake ɗagawa tare, shi ya sa yake rangaji), abin da ke hana shi faɗuwa na'urar jin karkata ce, 'yar uwar wadda ke juya ekran ɗin wayarka, kwamfuta na ta gyara taku ba tsayawa.

Fara gwaji kan siminti tukuna, rairayin nan namu ƙafa nutsewa take yi, lissafin duk ya rikice. In ya yi taku goma bai faɗi ba turo mini bidiyon.