Hukuncin karatun addinin Hindu ta intanet

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni malamin tarihi ne a makarantar sakandare. Na ga cibiyar nazarin addinin Hindu da ke Oxford a Ingila tana ba manya darussa ta intanet, ana biyan kuɗi. Akwai darasin Bhagavad Gita, ɗaya daga cikin littattafan addininsu, da harshen Sanskrit, tsohon harshen littattafansu, da na yoga, wato hanyarsu ta horar da jiki da tattara hankali. Wasu daga cikin masu koyarwar mabiya addinin ne. Ya halatta in shiga? Kuɗin da zan biya bai zama taimaka wa shirka ba?

AMSA: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗan'uwa, sanin abin da mutane suke bauta wa daban, bauta masa daban. Huzaifa ɗan Yaman (RA) ya ce mutane sun kasance suna tambayar Annabi (SAW) game da alheri, shi kuwa yana tambayarsa game da sharri don tsoron kada ya riske shi. Bukhari da Muslim ne suka ruwaito.

Malaman Musulunci sun riga mu shiga wannan fage. Al-Biruni ya zauna da malaman Hindu a zamanin Sarki Mahmud na Gazna, ya koyi Sanskrit, ya fassara littafin Patanjali na yoga zuwa Larabci, sannan wajen shekarar 1030 miladiyya ya kammala babban littafinsa a kan aƙidu da ilimomin mutanen Indiya. Shaharastani, wanda ya rasu a 548 bayan hijira, shi ma ya ware musu fasali a cikin al-Milal wan-Nihal.

Masu hanawa suna kafa hujja da ruwayar Imam Ahmad cewa Annabi (SAW) ya yi fushi da ya ga Umar (RA) riƙe da wani rubutu da ya samo wajen Ahlul Kitabi. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinta. Ibn Hajar a Fat'hul Bari ya rarrabe: wanda ƙafarsa ba ta kafu a ilimi da imani ba, bai halatta ya duba irin waɗannan littattafai ba, wanda ya kafu ya halatta gare shi, musamman idan akwai buƙata. Wannan rarrabewa nake rinjayarwa.

To ka auna kanka da gaskiya, domin nan ne nauyin mas'alar yake. Ba gumaka ne za su girgiza ka ba, ko yaron makarantar allo ya san ɓacinsu. Abin da nake jin tsoro shi ne falsafar. Za ka haɗu da koyarwar Shankara, wani babban malamin falsafar Hindu, cewa ran mutum da haƙiƙar Ubangiji abu ɗaya ne, da aƙidar cewa rai yana sake dawowa duniya a wani jiki gwargwadon aikinsa, da batun cewa duk hanyoyi wuri guda suke kaiwa. Ana gabatar da su cikin natsuwa da daɗin baki. Idan ba ka yi karatun tauhidi a gaban malami ba, har kana iya bayyana bambancin Mahalicci da halitta da hujja, ka jinkirta shiga, ka fara da wannan. Idan kuwa ka yi, ka shiga, amma ka riƙe malamin da za ka riƙa kai wa duk shubuhar da ta tsaya maka a rai tun tana ɗanya.

Kasancewar mai koyarwa ba Musulmi ba ne bai hana ɗaukar karatu a wajensa ba. Wasu fursunonin Badar sun fanshi kansu da koya wa yaran Madina rubutu. Ka girmama shi girmamawar ɗalibi ga mai koyarwa, kuma kada ka zagi abin bautarsa, aya ta 108 a Suratul An'am ta hana. Abin da ba zai yiwu ba shi ne ka ɗauke shi jagoran ruhi, ko ka karɓi wuridi daga hannunsa.

Karanta baiti a darasin Sanskrit don gane nahawunsa da ma'anarsa ba laifi, mai hakaito kafirci ba kafiri ba ne. Amma idan aka buɗe aji da rera kirarin wani abin bauta, aka ce kowa ya rufe ido ya maimaita, wannan ibada ce. Ka kashe makirfo ka yi shiru, ko ka fita har a gama. Haka darasin yoga: tarihinta da falsafarta karatu ne, amma yin ta haɗe da waɗannan kirare-kirare shi ne abin da majalisar fatawa ta Malesiya ta haramta a 2008, majalisar malaman Indonesiya ma ta hana a 2009.

Kuɗin kuwa ladan koyarwa ne a kan amfani halattacce, don haka babu laifi. Idan aka nemi gudummawar gina ɗakin bauta ko shirya bikin addini, kada ka bayar.

Wallahu a'alam.