Amsa kan kwantar da tururuwa a lokacin sanyi

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ɗanka ya kama sarauniyar baƙar tururuwa a watan Yuli can Ingila, yanzu 'ya'yanta sun kai goma sha biyar, amma tun shigowar Oktoba sun daina ci sun dunƙule wuri guda, kana tambaya ko ka matsar da su kusa da hita. Kada ka soma. Lafiyarsu ƙalau, barcin hunturu ne ya zo musu.

Bisa yadda ka kwatanta ta, kusan tabbas Lasius niger ce, irin wadda nake kiwo a nan Jamus shekara shida ke nan. A gida muna cewa in tururuwa ta tashi lalacewa fiffike take yi, to wannan da fiffiken nata ta fara gida: ta tashi a Yuli ko Agusta, namiji ya barbare ta a sama, ta sauko ta karye fukafukan da kanta. An taɓa samun irinta da ta yi kusan shekara 29 a ɗakin bincike. Amma jikinta ya saba da hutun sanyi. In ka hana ta, ƙwan da za ta saka ya ragu, gidan ya yi ta ja da baya.

Abin da take so digiri 5 zuwa 10 ne, daga ƙarshen Oktoba har Maris. Da Messor barbarus ce, mai tara hatsi ta ƙasar Sifen, wajen digiri 15 ya ishe ta, na ƙasashen zafi kuwa ba a sanyaya su sam.

Shekarata ta farko na yi ɓarna. Na ɗauki kwalbar gwajin da suke ciki, wato siririyar kwalba mai ruwa a ƙasanta da aka toshe da auduga, daga falo na cusa ta can ƙuryar firij, jikin bangon baya, inda sanyi ya fi tsanani. Bayan kwana huɗu ruwan ya daskare ya turo audugar, na rasa su duka. Uwargida dama tana ta mita wai na haɗa mata ƙwari da cefane, ranar ko jaje ba ta yi mini ba.

Yanzu ga yadda nake yi. Sati biyu kafin lokacin ina ba su ruwan zuma su cika ciki. Sai in kai su ɗakin da ba a kunna hita su yi mako guda, daga nan gareji ko ɗakin ƙasa, kullum sanyin na ƙaruwa kaɗan-kaɗan. Ina naɗe kwalbar da tsumma in sa ta cikin kula, tare da ma'aunin zafi mai nuna iyakar inda sanyi ya kai cikin dare. In dole sai firij, to aljihun kayan miya ko jikin ƙofa. Daga baya na sayi ƙaramin firij ɗin da Turawa ke sanyaya giya, don ana iya tsayar da shi a digiri 8. Mai kantin har ya tambaye ni kwalba nawa zan sa.

Ƙishirwa ta fi sanyi kashe su, domin firij yana busar da iska. Duk sati biyu ka leƙa ka ga ko audugar na da danshi, ko raɓa ta taru a inda suke kwance. Ka ɗan ɗaga bakin kwalbar sama, kada ruwa ya gangaro musu. Abinci ba sai ka sa ba, fumfuna kawai zai yi.

Ka gaya wa yaron zai gan su a ƙanƙame kamar matattu, kada ya zubar. In Maris ta yi, ku dawo da su a hankali kamar yadda kuka kai su, ku fara da ruwan zuma, ƙuda ko ɗan gyare sai bayan kwana biyu.