Da wane fim na Claude Berri za a fara?

Ɗan'uwa, ka tambayi wanda ya kamata ka fara kallo cikin finafinan wannan darakta na Faransa. Ni dai Jean de Florette zan ce, ka bi da Manon des Sources. A 1986 suka fito, daga littafin Marcel Pagnol. Rigimar ruwa ce. Wani tsoho da ɗan ɗan'uwansa suka toshe idon ruwan gonar maƙwabci da siminti, shi kuwa bawan Allah, mai doro (Depardieu ya fito a matsayinsa), ya yi ta jigilar ruwa har nakiyar haƙa rijiya ta zama ajalinsa. Germinal na 1993, daga littafin Zola kan yajin aikin mahaƙan kwal, yana da nauyi, bar shi tukuna. Berri ya rasu a 2009.