Amsa ga Alhaji kan sallamar ma'aikacin gidan burodi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Alhaji, na saurari muryar da ka turo game da ma'aikacinka na gidan burodin Tudun Wada, wanda ya shekara shida tare da kai ba ka taɓa samunsa da ha'inci ba, amma tsadar fulawa da sukari da man dizal ta sa albashinsa ya fi ƙarfinka, kana neman yadda za ku rabu ba tare da zumunci ya ɓaci ba.

Abin da nake jiye maka shi ne hanyar da wasunmu suke bi saboda nauyin baki: a fara jan ƙafa wajen biyan albashi, a riƙa amsa gaisuwarsa a daƙile, a laƙaba masa laifin da bai ji ba bai gani ba, har ya gaji ya tafi da kansa. Wannan zalunci ne, kuma a garin nan, inda maganar da aka yi a Tudun Wada da safe take isa Sabon Gari kafin azahar, sunanka ne zai fara zubewa.

Ka kira shi da kanka, kada ka wakilta manaja ko ɗanka. Ka bari sai an kwashe burodin ƙarshe, yara sun watse, sannan ku zauna ku biyu, ka buɗe masa littafin lissafi ya ga buhu nawa kuke kwaɓawa a da, nawa kuke kwaɓawa yanzu. Mutumin da ya shekara shida a bakin tanda ya riga ya san ciniki ya ja baya, abin da yake buƙatar ji daga bakinka shi ne cewa ba laifinsa ba ne. Kada kuma ka ce masa ya je ya ɗan huta za ka neme shi, alhali ka san babu ranar neman, domin zai zauna jiranka maimakon ya nemi wata hanyar abinci.

Ta fuskar doka, sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya tanadi sanarwar wata guda a rubuce ga wanda ya kai shekara 5 yana aiki, ko a biya shi kuɗin watan a madadinta. Wannan mafi ƙaranci ke nan, kuma a ganina bai wadatar ga mai amana irinsa ba. Ka biya shi duk haƙƙinsa a zaman nan, domin hadisi ya umarce mu da ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, ka kuma kauce wa sallamarsa gab da Sallah ko lokacin biyan kuɗin makarantar yara.

Tun kafin ku zauna, ka tuntuɓi abokan sana'arka na Samaru da Sabon Gari, ka shaide shi a wurinsu. Idan kuma sun cika, ka ba shi burodi bashi a kan farashin sari ya riƙa kai wa masu shayi, yana kawo kuɗi da yamma. Allah ya kawo ciniki mai albarka. Wassalamu alaikum.